Kundin aiki: daidaita lokutan labarin Na Bakwai

Asabar, 11 ga Oktoba 2025

Yau aka fara jera lokutan labarin, wanda littafin zane ne mai hotuna gida-gida, kuma ba za a sa tawada ko a shafi ɗaya ba sai an gama. Abin da ke hannu: daftarin rubutu mai babi shida, zanen gwaji na fensir shafi 20, da tsarin littafi mai shafi 48, girman A5, wato takardar A4 guda 12 a ninke biyu a ɗinke ta tsakiya.

Ƙashin bayan labarin: mutum-mutumi bakwai ne ke kula da rijiyoyi da bututun ruwa a arewacin Damagaram. Wani dare na damina ambaliya ta ci shida. Na Bakwai ya ɓace, sai bayan shekara tara wani yaro ya tsince shi a kogo tsakanin duwatsu, Maƙeriya ta gyara shi, ya farka yana zaton jiya ya kwanta. Kakar yaron ta san abin da ba ta faɗa ba. Sunayen mutane ba a tsayar ba tukuna, da matsayinsu ake kiran su. Shekarun da ke cikin daftari: an haɗa su a 2054, ambaliya 2060, farkawa 2069.

Kayan aiki: kwali mai kauri guda 6, sefa 1,500, takarda ram ɗaya, 3,500, bik kala uku, 300, ƙananan ƙusoshi da zare, 500. Jimla 5,800. An yanka kwalin kati-kati, santimita 7 da 10, kowane kati abu ɗaya da ya faru.

Talata, 14 ga Oktoba

An ɗaura zare uku a bango, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Na sama: yadda abubuwa suka faru a jere. Na tsakiya: yadda mai karatu zai gamu da su, shafi bayan shafi. Na ƙasa: abin da Na Bakwai kansa ya sani a kowane lokaci. Zaren ƙasan ne ba a cika yi ba, alhali a labarin wanda ya rasa tunaninsa shi ne mai kama ƙarya. Duk abin da ya fito daga bakin mutum-mutumin a shafi kaza, dole a samu katinsa a zaren ƙasa kafin wannan shafin. In babu, to marubuci ne ke magana ta bakinsa.

Kati 64 a zaren sama.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Babbar matsala ta farko. Babi na biyu zuwa na shida duk a cikin azumi suke, azumin bazara: rana ta take, ana jiran kiran magariba, kankara ta yi tsada, kowa ya fake a inuwa. Zafin da ƙishirwar su ne ruhin labarin, tunda kan ruwa ake magana. Sai aka duba inda azumi zai faɗa a 2069.

Shekarar Hijira kwana 354 ce da ɗan kai, ta miladiyya 365 da kwata, saboda haka azumi yana ja baya da kwana 11 ko kusa da haka duk shekara. Bana an fara shi a farkon Maris. In aka ci gaba da lissafi, azumin 2069 zai kama a tsakiyar Oktoba. Lokacin kaka ke nan: an yanke gero, rumbuna sun cika, tafkuna ba su ƙafe ba. Duk zanen gwajin da ya nuna busasshiyar ƙasa da masu azumi a galabaice ba shi da wurin zama a 2069.

Hanya uku ce. A cire azumi daga labarin, a mai da shi azumin kaka, ko a ɗaga shekarar. Ta farko da ta biyu suna kashe labarin, sai ta uku.

Gajeren lissafi ga mai son bi: shekara 33 ta Hijira ta yi daidai da shekara 32 ta miladiyya da ƙarin kwana shida ko makamancin haka. Azumin 2021 ya kama wajen 13 ga Afrilu, to na 2053 zai kama wajen 19 ko 20 ga Afrilu, shi ne Ramadan na 1475. Bayan wannan zagayen, sai wajen 2085 azumi zai sake komowa wannan wuri na bazara.

An yi ta muhawara kan 2053 da 2085. Mai zane ya fi son 2085, don hannunsa ya sake: gari daban, motoci daban, ba wanda zai ce masa ba haka Birni yake ba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma mutum-mutumi mai tunani ya fi shiga hankali a 2085. Amma a 2085 da wuya a sami wanda ya ga zamaninmu da idon babba, Kaka kuwa amfaninta a labarin shi ne ta ga namu ta ga nasu. An tsaya kan 2053. Abin da aka biya shi ne siffar mutum-mutumin: tunda a 2038 za a haɗa su, shekara 13 kawai daga yau, dole su zama injinan aiki masu nauyi, ƙarfe da waya a fili, magana kaɗan. An soke zanen fuska mai santsi.

Laraba, 22 ga Oktoba

An ja duk shekarun baya da 16. Haɗawa 2038, ambaliya 2044, farkawa 2053. An sake rubuta katunan.

Wani sauƙi ya zo a banza: tsakanin 1901 da 2099 kalanda tana maimaita kanta duk shekara 28. Kalandar 2053 ita ce ta bana, 2025, rana da rana. Ta 2044 ita ce ta 2016, ta 2038 ita ce ta 2010. Kalandar bango ta bana ta koma kayan aiki.

Asabar, 25 ga Oktoba

Shekarun haihuwa. An ja tebur, mutane a gefe, shekaru huɗu a sama: 2011, 2038, 2044, 2053.

Kaka an haife ta 1985, shekara guda bayan farin 1984. Tana da 26 lokacin da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, abin da take ambata a babi na uku a matsayin ranar da ta fara ganin manyan injina. Tana da 59 daren ambaliya, 68 a labarin. Da an bar 2069 da wannan shekarar haihuwa, da tana da 84.

Maƙeriya 2020: tana da 18 tana koyon aiki lokacin da aka haɗa su, 24 a ambaliya, 33 yanzu. Wannan ya zauna.

Yaro ne bai zauna ba. An haife shi 2042, yana da 11 a labarin. A shafi na 15 na daftari yana ba da labarin daren ambaliya dalla-dalla, har da launin fitilar mutum-mutumin da ya ɗauke shi. Ɗan shekara biyu ba ya riƙe wannan. In aka mai da haihuwarsa 2039, ya zama ɗan biyar a ambaliya, amma ɗan 14 a labarin, kuma ɗan 14 wani mutum ne daban: tsayinsa ya kai kafaɗar Maƙeriya, ba ya shiga bakin kogon da aka zana, ba ya magana yadda aka rubuta masa. An bar shi a 11. Waiwayen ya koma bakin Kaka, yaron yana maimaita abin da aka saba gaya masa ne tun yana goye. Hakan ya fi, domin yanzu labarin daren ambaliya na farko da mai karatu zai gani labarin mai ɓoye wani abu ne. Gidajen hoton wannan waiwaye za a zagaye su da layi mai rawa, na waiwayen gaskiya a babi na biyar da layin rula.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An duba 2044 don a tsayar da ranar ambaliya, sai ga abin da ba a nema ba. Azumin 2012 ya kama wajen 20 ga Yuli, saboda haka na 2044 wajen 26 ga Yuli, Ramadan na 1466. Ruwan Damagaram a Agusta yake da ƙarfi. Ke nan tsakiyar Agustan 2044 cikin azumi yake, goman ƙarshe.

Na Bakwai ya kwanta cikin azumi, ya farka cikin azumi. Shekara tara cif ta Hijira tsakani.

Wannan ya warware tambayar da ta fi damun daftarin: me ya sa inji mai lissafi zai yarda cewa jiya ya kwanta? Da, amsar ita ce agogonsa ya tsaya, amsa mai rauni, don ko agogo ya tsaya yana da ido. Yanzu idon ne zai ruɗe shi. An tsayar da ambaliya daren Litinin 15 ga Agusta 2044, wanda ya yi daidai da daren 22 ga wata. An tsayar da farkawa daren Lahadi 11 ga Mayu 2053, daren 23. Ya ji ana sallar dare a masallaci kamar yadda ya bari. Ya ɗaga kai ta tsakar gida, ga rabin wata ya fito wajen tsakar dare, irin wanda ya kamata ya gani washegarin daren da ya kwanta. Shaida biyu sun haɗu, duka gaskiya ne, kuma duka sun kai shi ga kuskure.

Manhajoji biyu na juya kwanan wata sun saɓa da kwana ɗaya kan farkon azumin 2053, ɗaya ta ce 19, ɗaya 20. Ba abin mamaki ba ne, ganin wata ba lissafi kaɗai ba ne. An ɗauki Lahadi 20 ga Afrilu, azumi 30, Sallah Talata 20 ga Mayu. An rubuta a saman bango, ba a sake taɓawa.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Teburin wata, don mai zane. Daren 8, rabi, yana sama da magariba. Daren 14 da 15, cikakke, yana fitowa da faɗuwar rana. Daga nan fitowarsa tana jinkiri da kusan minti 50 kowane dare. Daren 22 da 23, rabi, tsakar dare. Daren 27, siriri, gab da asuba. A zanen gwaji akwai cikakken wata a shafi uku da ke goman ƙarshe. An yi musu alama.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Wani makanikin sola ya karanta daftarin, ya tsaya a babi na biyu. Batirin lithiyum da aka bari shekara tara ba caji ba ya tashi. Yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, in ya sauka ƙasa da wani mataki ya daɗe a can, ƙwayoyinsa sun lalace, sake cajinsa ma haɗari ne. A daftari Maƙeriya tana jona waya ne kawai ya tashi. Duk wanda ya taɓa ajiye tsohuwar waya a akwati zai gane ba haka ba ne.

Gyara mai sauƙi shi ne ta sa sabon batir. Amma ina za ta samo shi a ɓoye, da wane kuɗi? Babi guda zai tafi a kan wannan. Gyaran da aka ɗauka: batirin bai mutu ba domin wani yana zuwa yana ba shi wuta. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, Kaka tana hawa duwatsu da ƙaramin faifan sola, ta jona ta wuni, ta sauko. Ba ta tashe shi, kuma ita ce ta cire ɗan batirin agogonsa tun farko. Daga kakar 2044 zuwa kakar 2052, zuwa tara ke nan. A na ƙarshe tana da 67, gwiwa ta fara ƙi, shi ya sa ta bar yaron ya "tsince" shi. An ƙara katuna tara masu shuɗin rubutu a zaren sama. A zaren tsakiya ba za su bayyana ba sai shafi na 36.

Daga nan mitar ƙirji ta samo asali. Kowane mutum-mutumi yana da mita mai lambobi huɗu masu juyawa, irin ta tsohuwar mitar ruwa, ta ƙarfe ce, ba a goge ta. Ƙa'idarta: tana ƙara ɗaya a duk ranar da wuta ta shiga batirin, sau ɗaya a rana ko sau nawa aka jona.

Lissafi: sun fara aiki Litinin 1 ga Maris 2038. Daga ranar zuwa 1 ga Maris 2044, shekara shida, kwana 2,190, da 29 ga Fabrairu biyu, na 2040 da na 2044, ya zama 2,192. Daga 1 ga Maris zuwa 15 ga Agusta, har da ranar kanta, kwana 168. Jimla 2,360. Lambar da Na Bakwai ya sani ke nan. Ranar da yaro ya same shi mitar tana nuna 2,369. Za a zana ta a fili a shafi na 7, a sake zana 2,360 a waiwayen shafi na 16, ba wanda zai ce uffan a kai. Mai karatun da ya cire ɗaya daga ɗaya zai riga kowa sanin cewa wani yana zuwa kogon.

Lokacin gyara batirin yana waje, saboda haka mita ba ta motsi daga 27 ga Afrilu har 11 ga Mayu, ranar da ta koma 2,370. Tambaya ta zaren ƙasa: me ya hana shi duba ƙirjinsa? An sa Maƙeriya ta ɗaure wurin da faci na fata saboda murfin ya tsage. Sai a tashar ruwa facin zai faɗi.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Iska ta fara, ƙura ta shigo ta taga ta zubar da katunan zaren tsakiya. Kowane kati yana da lamba a baya, an mai da su. An ɗauki hoton bangon da waya, kuma an kwafe jerin a kwamfuta. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da rana, an ƙarasa da dare.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Tafiya arewa, babi na huɗu da na biyar. Daftari ya ce sun fita daren Litinin, sun isa tsohuwar tashar ruwa, sun komo sun riski kasuwar Alhamis a Dole, babbar kasuwar Damagaram, inda ake tonon asiri a bainar jama'a. Tashar ƙirƙira ce, an ajiye ta kilomita 50 arewa da gari, gefen hanyar Tanut. An gwada tafiyar da ƙarfin batir.

Ma'aunin da aka ba mutum-mutumin: batir kilowat-awa 6, tafiya kilomita 5 a awa, yana cin wat 600. Faifan da yake shimfiɗawa wat 400 ne. A ba shi awa biyar da rabi na rana mai kyau, a cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura, don faifan sola ƙarfinsa raguwa yake in ya yi zafi sosai, ya rage 1.65 a wuni. Wannan tafiyar kilomita 14 ce ko ƙasa kaɗan.

Zuwa: daren Litinin 12 ga Mayu kilomita 25, batir ya sauka zuwa 3. Talata a fake a yi caji, 4.65. Daren Talata sauran 25, ya rage 1.65. An raba 25 da 25 ne saboda jakin da yaro ke kai, ba saboda injin ba. Laraba 14 ga Mayu suna tasha. Dawowa tana buƙatar cikakken batir, shi kuwa, in aka ajiye ragowar 1.65 ɗin gefe, abin da rana ta ba shi kawai yake da shi: 14, 14, 14, sai 8. Dare huɗu. Za su shigo gari da asubar Lahadi 18 ga Mayu. Kasuwar Alhamis 15 ga wata ta wuce su suna daji.

An gwada ƙara masa batir zuwa 12, sai nauyinsa ya wuce abin da mace ɗaya da yaro za su iya saukowa da shi daga duwatsu a babi na biyu, ko da amalanke a ƙasa. An gwada motar kasuwa ta ɗauko su, sai ya zama direba da fasinjoji sun gan shi kafin lokaci. An gwada matso da tashar zuwa kilomita 20, sai ta yi kusa da gari har ba dalilin da zai sa a manta da ita shekara tara. Kowace mafita tana ɓalle wani abu a wani babi, kamar mai facin tsohuwar riga, ya ɗinke nan can ya yage.

Abin da aka yi a ƙarshe: an bar tafiyar yadda lissafi ya ce, an ɗauke tonon asirin daga Alhamis zuwa jajibirin Sallah, Litinin 19 ga Mayu. Ranar kasuwa cike take ko wace rana ce ta mako, teloli ba su yi barci ba, kowa na waje. Taron da ake so ya samu har ya fi. Dare huɗun dawowa kuma ba asara ba ne: wata yana sirancewa kowane dare, batir yana kan gaɓa, kuma a lokacin ne Na Bakwai ya riga ya san shekara tara ta wuce. Gida shida, shafi ɗaya, ba magana, sun ishe su.

Mita a wannan zango: 12 ga Mayu 2,371, sai ɗaya-ɗaya har 2,377 ranar 18. An rubuta lambar kowane shafi a gefen zanen gwaji da jan bik.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Itatuwa da inuwa. An yanke cewa ba za a buga shekara a akwatin bayani ba sai shafi na 36, don haka hoto ne zai gaya wa mai karatu wane zamani yake kallo. Gawo da kuka sun ɗauki aikin. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, kuka akasin haka. Duk gidan hoton da ke 2044: gawo tsirara, kuka cike da ganye, gero ya kai tsayin mutum. Duk na 2053: gawo da ganye, kuka sai ɗan toho, gonaki an share ana jiran ruwa. Ɗan ƙasar nan ba ya bukatar a yi masa bayani. Kuma su ne farkon abin da ya girgiza Na Bakwai daren da ya fita gari. Na'urarsa ta auna laima an sa ta cikin abin da ruwa ya lalata, in ba haka ba tun a tsakar gida zai gane ba damina ba ce.

Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai ka da tsakar rana: wajen 27 ga Afrilu da wajen 16 ga Agusta. Ranar tsintuwa an sa ta Lahadi 27 ga Afrilu, 8 ga azumi, yaro na tsaye a bakin kogo inuwarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Ranar Talata 13 ga Mayu kuwa rana ta karkata arewa da kusan digiri 4, sanda mai mita ɗaya tana ba da inuwar santimita 7 ko 8 wajen kudu. Injin da ke saita faifansa da rana kullum ba zai kasa lura ba: ya kwanta rana tana daidai ka tana shirin komawa kudu, ga ta yanzu a arewa. A nan ya daina zargin idonsa. Tsakar rana a nan wajen 12:20 take a agogo, ba 12 ba, a gyara agogon hannun Maƙeriya a shafi na 27.

Lahadi, 7 ga Disamba

Gwaji da masu karatu. An yi fotokofi na zanen fensir, shafi 48, biyu-biyu a fuska ɗaya, fuska 24 a dala biyar-biyar, wato sefa 25 kowace fuska, sefa 600 kwafi ɗaya. Kwafi 6, sefa 3,600. An ba ɗaliban jami'a biyu, ƴan lakkol biyu, tela ɗaya da wata malama. Bayan sun karanta, an ba kowa katuna goma na manyan abubuwan da suka faru ya jera su daga na farko zuwa na ƙarshe.

Waiwayen ambaliya ba wanda ya ruɗe a kansa, itatuwan sun yi aiki. Mita mutum biyu suka lura da ita kafin shafi na 36, kuma hakan ya isa, ba a so kowa ya gano. Inda aka faɗi shi ne zuwan Kaka tara. Huɗu cikin shida sun ɗauka duk a shekara ɗaya ta yi su, wasu ma a mako ɗaya, saboda an zana ta da zane ɗaya, tsayuwa ɗaya, a gida tara masu kama da juna. Malamar ta ce wa mai zane: "Malam, tsohuwar nan ba ta tsufa ne?"

Gyara: a shafi na 36 gida tara, uku sau uku, kusurwa ɗaya, bakin kogo. Abu uku ke sauyawa. Zanenta daban kowace shekara. Jikinta: a uku na farko tana hawa a miƙe, daga na huɗu da sanda, a na tara tana zaune kan dutse tana hutawa faifan a cinyarta. Sai wata ƴar bedi da ta tsiro a gefen kogo, daga tsiro zuwa itace mai inuwa. Mita a kusurwar kowane gida, 2,361 har 2,369. Bedin dole ya bayyana da girmansa a shafi na 6 da na 7, kuma kada ya kasance a waiwayen 2044. An ƙara masa katinsa.

Matsala ta biyu: a kwafin gwaji shafin ya faɗa 37, hannun dama, saboda shafin dawowa da aka ƙara ya tura komai gaba da ɗaya. Mai karatu yana buɗe 36 idonsa ya riga ya faɗa kan asirin kafin ya karanta abin da ke kai shi can. Abin mamaki a shafi mai lamba cika yake zama, hannun hagu, bayan an juya takarda.

Laraba, 10 ga Disamba

Shafuka sun kai 49 in aka haɗa da shafin taswira da aka manta a lissafi. Ɗinkin tsakiya huɗu-huɗu yake tafiya, ko 48 ko 52. Zuwa 52 takarda guda ce ƙari a kowane kwafi, da shafi uku da ba a da abin sa musu. An haɗe shafi na 21 da na 22, cinikin kayan gyara a kasuwa ranar Alhamis 1 ga Mayu, suka koma ɗaya mai gida bakwai. Asirin ya dawo 36, agogon Maƙeriya ya koma 26. 

Asabar, 13 ga Disamba

An bi zaren ƙasa daga farko zuwa ƙarshe, ana karanta kowace maganar Na Bakwai da babbar murya ana neman katinta. Biyu sun fita. A shafi na 24 yana kiran yaro da sunansa kafin kowa ya faɗa a gabansa, an sa Maƙeriya ta kira sunan a gidan da ya gabata. A shafi na 30 yana cewa "sauran shidan da suka mutu", alhali sai a tasha, shafi na 33, zai ga ragowarsu. An mai da shi tambaya: ina sauran?

Abu ɗaya ya rage a buɗe: wa ya kai shi kogo daren ambaliya. Kilo 140 ne, Kaka ba ta ɗaukarsa. Ko ya taka da kansa da sauran wutar da ke jikinsa bayan ya ajiye yaron, ko akwai mutum na biyu. In ya taka da kansa, ya kamata ya tuna, sai a nemi dalilin da awa biyun ƙarshe suka goge. In mutum na biyu ne, yana bukatar shekarar haihuwa, da wurin zama a 2053, da dalilin yin shiru. Shafi na 1 zuwa 12 ba su dogara da amsar ba, za a fara musu tawada ranar Litinin. An ware sefa 9,000 don tawadar Sin kwalba biyu, alƙalamai masu baki 0.3 da 0.5, da farar takarda mai kauri. Da hunturu tawada tana bushewa a bakin alƙalami cikin ƴan mintoci, a riƙa rufewa tsakanin gida da gida. Shafi na 13 zuwa sama suna fensir har a yanke maganar kogo.